Sabon Edita da Tulin Ƙa'idojin Wikipedia: Abin da Aka Gwada da Yadda Ake Biya Masa Karatun

Duk wanda ya buɗe asusu a Wikipedia ta Turanci da niyyar rubuta muƙala, akwai karatu jibge yana jiransa, kuma babu mai gaya masa yawansa tun farko. Karatun hawa uku ne. A sama akwai manufofi, waɗanda bin su wajibi ne, kamar rashin ɗaukar ɓangare, da kawo madogara, da hana saka binciken kai. Ƙarƙashinsu akwai jagorori, wato yadda aka saba aiwatar da manufofin, irin su sharuɗɗan da batu zai cika kafin ya samu muƙala da yadda ake tantance majiya. Can ƙasa kuma akwai rubuce-rubucen ra'ayi na editoci, wajen 2,000, waɗanda ba su hau kan kowa ba, amma ana yawan jefo su cikin muhawara sai ka ce doka. A fuskar waya ko kwamfuta duka ukun kamarsu ɗaya. Abin da ya raba su wani ɗan akwati ne a saman shafi, baƙo kuwa ba ya ko kallonsa.

Sai kuma gajerun laƙabobi. Kowane shafi yana da nasa: WP:NPOV, WP:V, WP:RS, WP:GNG, WP:BLP. Tsohon hannu zai soke gyaran sabo ya rubuta masa haruffa biyar, a ganinsa ya gama bayani. Shi kuwa sabon, in ya danna, sai ya faɗa shafi mai dubban kalmomi, wanda kowane sakin layinsa ke tura shi wasu shafukan.

Yadda tulin ya taru

Da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a 15 ga Janairun 2001, ƙa'idojin ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga cikin na farkon ma cewa take, idan wata ƙa'ida ta hana ka inganta aikin, ka yi watsi da ita. A 2005 aka rubuta shafin ginshiƙai biyar don a dunƙule komai wuri ɗaya: Wikipedia kundin ilimi ce, ana rubuta ta ba tare da ɗaukar ɓangare ba, abin da ke cikinta kyauta ne ga kowa ya yi amfani da shi ya kuma gyara, editoci su girmama juna, sannan ƙa'idojinta ba a kan dutse aka sassaƙa su ba.

A wannan shekarar ce aka samu abin da ya canza yanayin wurin. Wani ya rubuta ƙarya a tarihin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan John Kennedy da ɗan'uwansa Robert, rubutun kuma ya yi watanni a shafin ba wanda ya gani. Da mutumin ya fito ya yi magana a jaridar USA Today a watan Nuwamba, sai aka hana marasa asusu ƙirƙirar sabuwar muƙala, aka kuma kafa manufa mai tsauri kan tarihin mutanen da ke raye. Yawancin ƙa'idojin wurin haka suka samo asali, kowace da ɓarnar da ta haife ta. Mai jagorantar sabo ya kamata ya san wannan, domin ƙa'idar da aka faɗi dalilinta ta fi zama a kai fiye da wadda aka miƙo tsurarta.

Yawan editoci masu himma a Wikipedia ta Turanci, wato masu gyara biyar zuwa sama a wata, ya kai ƙololuwa a 2007, sama da 50,000, daga nan ya fara zubewa shekara da shekaru. Aaron Halfaker da Stuart Geiger da Jonathan Morgan da John Riedl sun bi diddigin lamarin a binciken da aka buga a 2013. Abin da suka gano shi ne sababbin ba su lalace ba, masu kyakkyawar niyya na nan suna shigowa kamar da. Tarbar ce ta canza. An ƙera kayan aiki irin su Huggle da Twinkle don yaƙar masu ɓarna, waɗanda da dannawa ɗaya za su soke gyara su kuma liƙa wa mutum shiryayyen saƙon gargaɗi, daga mataki na 1 har zuwa na 4. Kayan sun yi aikinsu, amma sun haɗa da na kirki. Mutumin da gyaransa na farko ya gamu da sokewa da gargaɗi yakan tafi bai dawo ba. Binciken ya kuma nuna cewa manufofin kansu sun daskare, sabo ba ya iya taɓa su sai a mayar da shi baya.

Hanyoyin da aka bi

Tsohuwar hanya ita ce saƙon maraba, wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da mahaɗai gommai. Ba laifi gare shi sai dai ba a karanta shi.

A Fabrairun 2012 aka buɗe Teahouse, wurin da sabo zai yi tambaya tsofaffi su amsa. Cikin waɗanda suka tsara shi akwai Jonathan Morgan da Sarah Stierch. Wata manhaja mai suna HostBot ce ke zaƙulo sababbin da suka fara gyara ta aika musu gayyata, ba a jira sai sun nemo wurin da kansu. Abin lura shi ne sharuɗɗan da aka gindaya wa masu amsawa: su yi maraba da kowa, su yi haƙuri, su sauƙaƙa magana, kada su cika amsa da mahaɗai, sannan su sanar da mai tambaya cewa an amsa masa. A taƙaice, an hana su yin abin da tsohon edita ya fi saurin yi, wato ya tura mutum ga littafin doka ya kama gabansa. Gwajin da Morgan da Halfaker suka wallafa a 2018, inda aka gayyaci wasu aka bar wasu don kwatance, ya nuna waɗanda aka gayyata sun fi tsayawa suna gyara. Bambancin ba mai girma ba ne, amma yana nan.

A 2013 kuma Jake Orlowitz ya jagoranci ƙera The Wikipedia Adventure, darasi cikin sigar wasa, matakai 7, kimanin awa guda, da lambobin yabo a kowane mataki. An tsara shi da kyau, waɗanda suka yi shi kuma sun ce ya burge su. Amma da Sneha Narayan da abokan aikinta suka auna shi a binciken da ya fito a 2017, ba su ga ya ƙara yawan gudummawar da mutane ke bayarwa daga baya ba. Kaɗan ne ma daga cikin waɗanda aka gayyata suka shiga. Wannan sakamako ya fi na Teahouse ilimantarwa, domin ya nuna jin daɗin darasi daban, amfaninsa daban. Wasan yana koyar da ƙa'ida a fili mai tsabta inda babu wanda zai soke maka aiki. Teahouse kuwa yana samun mutum ne a lokacin da aka riga aka soke masa, zuciyarsa na tafasa, yana son sanin dalili.

Ƙungiyar Growth ta Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia, ƙungiyar da ta fara aiki a 2018 da Wikipedia ta harsunan Cek da Koriya kafin a faɗaɗa, ta ɗauki darasin. Ta ba sabo shafin gida nasa, da jerin ƙananan gyare-gyare da aka ba shi shawarar ya fara da su, da sunan wani tsohon edita da aka ɗora masa a matsayin jagora, da maɓallin yi masa tambaya. Bayanin ƙa'ida yana fitowa ne gutsure-gutsure a gefen aikin da mutum ke yi.

Tsarin biya karatun

Daga waɗannan gwaje-gwaje, hanyar da ta fi dacewa ga jagora ita ce irin ta makarantar allo: a rubuta wa ɗalibi abin da zai iya ɗauka, sai ya biya an ji ya zauna sannan a wanke a yi masa ƙari. Kowane yanki na karatu a haɗa shi da aikin da za a yi nan take. Zama biyar, kowanne na minti 45 zuwa awa ɗaya, cikin mako biyu ko uku, sun wadatar.

A zaman farko shafin ginshiƙai biyar kaɗai za a karanta, kuma a ce masa kada ya danna ko mahaɗi ɗaya a ciki. Minti goma sun isa. Sauran lokacin a yi ƙananan gyare-gyare uku, kamar gyaran kuskuren rubutu, a koya masa cika gurbin taƙaita gyara, a nuna masa shafin tarihi inda zai ga abin da ya canza kafin da bayan. Abubuwa biyu ne kawai za a faɗa masa da baki a ranar, ba sai ya karanta shafukansu ba: kada ya kwafo rubutun wani ya liƙa, kuma kada ya rubuta wata magana mai zafi kan mutumin da ke raye ba tare da madogara ba. Waɗannan biyun su ne ke jawo gogewa nan take, maimaita su kuma na iya kai ga toshe asusu. Ginshiƙi na biyar, mai cewa ƙa'idoji ba a kan dutse aka sassaƙa su ba, yana buƙatar taka-tsantsan, don sababbi da dama sukan riƙe shi kamar lasisi. A gaya masa cewa wanda ya yi watsi da ƙa'ida dole ya iya gamsar da sauran editoci cewa hakan ya inganta muƙala.

Zama na biyu shi ne mafi nauyi, kuma nan ya kamata a daɗe. Batunsa madogara. Daga shafin WP:V, wato manufar kawo madogara, a karanta gabatarwa da sashen da ke cewa nauyin kawo hujja yana kan wanda ya saka magana ko ya dawo da ita bayan an cire. Daga WP:RS, wato jagorar tantance majiya, a ɗauki ma'auni ɗaya: shin majiyar tana da editocin da ke tantance abin da take bugawa, kuma an san ta da gyara kuskurenta? Aikin ranar shi ne a nemo jimla mai alamar neman madogara a cika ta. Manhajar gyara ta gani-da-ido tana cike bayanan majiya da kanta in an ba ta adireshin shafi ko lambar ISBN ta littafi, amma dole a duba abin da ta cike, don takan sa sunan jarida a gurbin marubuci ko ta bar kwanan wata fanko. In littafi ne, a sa lambar shafi.

A nan ne sabo ke yin turjiya, kuma yana da dalili. Ya san shekarar da aka naɗa hakimin garinsu, yana wurin ma aka yi, amma an ce saninsa ba hujja ba ne. Kada jagora ya yi masa gardama kan gaskiyar maganar. A tambaye shi kawai: mai karatu da ke wata ƙasa, wanda bai san ka ba, ta yaya zai bambanta ka da wanda ya ƙirƙiro tasa shekarar? Sannan a ba shi labari mai daɗi wanda mutane da yawa ba su sani ba: manufar ta yarda da majiyar da ba ta Turanci ba, ta kuma yarda da wadda ba ta intanet. Rahoton sashen Hausa na BBC, ko tsohon bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko littafin da ke kan kantar ɗakin karatu na jami'a, duk suna iya zama madogara in an ba da cikakken bayaninsu. Abin da ba ya shiga shi ne rubutun Facebook, da saƙon WhatsApp, da wata muƙalar Wikipedia, da abin da dattijo ya faɗa da baki ba a taɓa wallafa shi ba. Wannan na ƙarshen giɓi ne na gaske ga al'ummar da tarihinta da yawa yake a bakin mutane, kuma gara a faɗa masa hakan a fili da a yi ta kare tsarin.

Zama na uku na rashin ɗaukar ɓangare ne da hana binciken kai. Hanya mafi sauri ita ce a ba shi sakin layi mai cike da kirari, irin su gwarzo, haziƙi, wanda babu kamarsa, a ce ya cire duk kalmar da ba za a iya kawo mata madogara ba, ya ga abin da ya rage. Daga nan a karanta sashen da ke bayanin ba kowane ra'ayi nauyinsa gwargwadon yadda yake a ingantattun majiyoyi. Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne haɗa majiya biyu a fitar da hukunci na uku: wannan jarida ta ce an gina madatsar ruwa a shekara kaza, waccan ta ce noma ya ragu a shekarar da ta biyo, sai edita ya rubuta cewa madatsar ce ta jawo. Kowace jimla tana da madogara, amma hukuncin nasa ne. Akwai kuma abin da ya kamata a sanar da Musulmi tun kafin ya ci karo da shi: jagorar salon rubutu ta Wikipedia ta Turanci ba ta barin salati bayan sunan Annabi a cikin muƙala sai in cikin maganar da aka ɗauko ne, haka ma laƙabobin girmamawa na sarauta a gaban suna. Wanda bai sani ba yakan ɗauka wulaƙanci aka nufa da shi, ya yi ta mayarwa har a toshe shi.

Zama na huɗu ba a sa masa rana. Ranar da aka fara soke masa gyara, ranar ce. Abin karantawa gajere ne: ka yi gyara, in an soke, ka tafi shafin tattaunawa. Sai dokar da ta hana mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, wadda karya ta kan jawo toshewa, galibi ta awa 24 a karon farko. A ja kunnensa cewa ukun ba haƙƙinsa ba ne, ana iya toshe mai jayayya ko bai kai su ba. Jagora ya zauna da shi su rubuta saƙon farko tare: jimla biyu ko uku, me ya canza, wace majiya ya dogara da ita, me yake tambaya.

Muƙalar farko

Sai a zama na biyar ake taɓa cancantar batu, ko da yake ita ce ta kawo yawancin mutane. Tun 2018 Wikipedia ta Turanci ba ta barin asusu ya wallafa sabuwar muƙala kai tsaye sai ya kwana 4 ya kuma yi gyara 10. Wannan mafi ƙaranci ne kawai, gyara 30 zuwa 50 a muƙalolin da ke akwai ya fi zama shiri. Wanda bai cika kwana 4 da gyara 10 ba zai rubuta daftari ya miƙa a duba, jiran kuma na iya kai makonni ko watanni.

Sharaɗin gama-gari jimla ɗaya ne: batun ya samu bayani mai zurfi a majiyoyi ingantattu waɗanda ba su da alaƙa da shi. Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, a sa shi ya kawo majiyoyi uku mafiya ƙarfi, a yi wa kowace tambaya uku. Ingantacciya ce? Mai zaman kanta ce? Ta yi magana mai tsawo a kan batun, ko ambatonsa kawai ta yi a wucewa? Hira da mutumin kansa ba ta cika sharaɗin zaman kai ba, haka ma sanarwar manema labarai. Labari ɗaya da jaridu biyar suka kwafa majiya ɗaya ce. Jarumin Kannywood mai mabiya miliyan a Instagram na iya faɗuwa wannan gwaji, malamin da ya rasu shekaru ɗari da suka wuce kuma ya haye saboda masana sun yi rubutu a kansa. Masu duba daftari a can suna kuma sa ido sosai kan rubuce-rubucen yabo a jaridun Najeriya, musamman marasa sunan marubuci, saboda zargin cewa wasunsu biya aka yi aka buga ba tare da an bayyana ba.

In batun maigidansa ne, ko kamfaninsu, ko shi kansa, a karanta WP:COI, jagorar da ta shafi rubutu kan abin da mutum ke da alaƙa da shi, a wannan zaman. Tun 2014 sharuɗɗan amfani na Gidauniyar Wikimedia suka wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ke biyansa.

Matsalar da jagorori suka fi fuskanta ita ce mutumin da ya zo da muƙalarsa a hannu, ba ya son jin zancen zama biyar. In an ce ya ajiye ta, tafiya zai yi. Dabarar ita ce a mayar da batun nasa kayan darasi: a zama na biyu majiyoyin batunsa zai nemo, a na uku daftarinsa za a tace a shafin gwaji. In an mayar masa da daftari, a karanta dalilin tare, domin yawancin mayarwa na nufin a gyara a sake miƙawa ne. A kuma sanar da shi cewa daftarin da ya yi wata shida ba a taɓa shi ba ana goge shi, ko da yake ana iya roƙon a dawo da shi.

Masu shirya horo na rukuni suna da nasu tarkon. Adireshin intanet ɗaya ba ya buɗe asusu fiye da 6 a awa 24, don haka ɗaki mai mutum ashirin a kan layi ɗaya zai tsaya cik tun kafin a fara. A sa kowa ya buɗe nasa a gida, kwana huɗu ko fiye kafin ranar, ya kuma gwada gyara ɗaya, don wani lokaci toshewar da aka yi wa adireshin kamfanin waya takan shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda zai yi aiki a Wikipedia ta Hausa kuma a nuna masa cewa kowane harshe yana da al'ummarsa da ke tsara ƙa'idojinta. Sharaɗin kwana 4 da gyara 10 kafin wallafa muƙala na sashen Turanci ne, amma haƙƙin mallaka da rashin ɗaukar ɓangare sun hau kan kowa. In fassara zai yi daga Turanci, dole ya nuna muƙalar da ya fassaro, kuma kada ya wallafa abin da na'ura ta fassara bai bi shi jimla-jimla ba.

Don a gane ko karatun ya zauna, ba a tambayarsa ya jero ginshiƙai biyar. A buɗe masa wata muhawarar goge muƙala da aka riga aka rufe, irin waɗanda ake bari kwana 7 ana tafkawa, a rufe hukuncin da hannu, a ce ya karanta hujjojin ya faɗi yadda yake ganin ta ƙare da dalilinsa. In ya ƙirga ƙuri'u ne, da sauran aiki, domin mai rufe muhawara nauyin hujja yake dubawa. In kuwa ya fara cewa wannan majiyar hira ce, waccan ambato ne kawai, to ya kama. A daidai nan ne wasu ke zarcewa, su koma masu jifan na bayansu da haruffa biyar. Irin wannan sai a ba shi shafin da ke hana cizon sababbi, WP:BITE, a kuma sa shi ya amsa tambayar wani sabo da kalmominsa, da mahaɗi ɗaya tak.